Bayan Labulen Masta Inusa

Masu cewa tafiya mabuɗin ilmi ba su cika faɗin abin da ƙofar take datsewa ba. Ni dai na je Kumasi a farkon shekarar 1969, ana saura 'yan kwanaki babbar salla, ina da shekara ashirin da bakwai, na bar mata da ɗa ɗaya a Haɗeja. Abu guda ya kai ni, in koyi gyaran rediyo. Gidanmu gidan masu like ne, tun kakanni da dalma muke ci: fitilar a-ci-bal-bal, buta, mazurari, bokitin da ya huje. Da roba ta fara cika kasuwa sai aikin ya soma ja da baya, ni kuwa na ga duk mai ɗan hali ya rataya rediyo a kafaɗa. Wani falke mai goro ya ba ni sunan Masta Inusa a Zangon Kumasi, ya ce ko Turawa sun san da zamansa. Baba bai hana ni ba. Ya ba ni ƙarfen likensa mai kan jan ƙarfe, wanda mariƙinsa ya yi baƙi don shan hannu, ya ce shekara ɗaya ya ba ni, in dawo da sana'a.

Na sauka da hantsi, ƙafafuna a kumbure saboda kwana da kwanaki a kan buhunan albasa. Ban gama karkaɗe riga ba wani siririn mutum ya ji Hausata ya rungume ni, ya ce ai shi ma ɗan wajenmu ne, Masta Inusa kuwa amininsa ne. Ya karɓi bargona don ya rage mini kaya, ya kai ni wajen mai shinkafa da wake, ya share kwano biyu har da ƙwai, sannan ya ce in jira shi zai kama ruwa. Har yau yana kama ruwan, shi da bargon. Mai abincin ta karɓi kuɗin kwano uku a hannuna tana dariya, amma ita ce ta nuna mini hanyar shagon.

Zango ya ba ni mamaki. Ko'ina Hausa ake yi, amma Hausar da an cire mata ƙashi. Mace ma "shi" ake ce mata, a tsakiyar magana kuma sai a zuba Tonanci, yaren 'yan ƙasar, da Turanci, in ka yi sororo a ce kai ne ba ka iya ba. Ba wanda ya taɓa kirana Sale, sunan da ubana ya raɗa mini. Hadeja suke ce mini, ko lanƙwasar harafin ɗ ba sa yi.

Shagon Masta wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene. Shi kansa gajere ne mai tumbi, kullum cikin farar shat da biro uku a aljihu, ban kuwa taɓa ganin ya yi rubutu da ko ɗaya ba. An raba ɗakin biyu da wani koren labule mai kauri. Gaba akwai benci da kurfoti da tulin matattun rediyo har rufi. Baya kuwa nan teburinsa yake, da aljihun tebur mai kwaɗo, da mita, wata 'yar baƙar akwati mai allura da wayoyi biyu, ja da baƙa. Sau ɗaya ya ɗaga labulen ya nuna mini ita daga nesa, kamar mai nuna amarya. Ya ce duk sirrin rediyo yana cikinta, kuma ranar da na cika shekara zai zaunar da ni a gabanta.

Kashegari ya kira wani malami maƙwabcinsa, na kawo goro, aka ƙulla yarjejeniya. Zan yi masa aiki shekara guda, abincin rana nasa ne, in kwana a bencin shago. Sharaɗi biyu ya kafa: kada in ƙetare labule, kada kuma in sa batir a rediyon kowa sai ya yaye ni. Ya ɗauko wani allon rediyo da ya ƙone ƙurmus ya ɗora mini a cinya.

"Ka gani? Wani ɗan Yendi ya yi wannan. Ya sa batir ba a auna da mita ba, wuta ya cinye komai. Rediyon na babban ɗan sanda ne. Har yanzu yana kurkuku. Wannan aiki ba likin bokiti ba ne koraa."

Na yi alwala na dafa Alƙur'ani na rantse. Ban ji nauyin rantsuwar ba a ranar, ni da ko riƙe rediyo ban iya ba.

Aikin da ya fara ba ni shi ne cire fil. Bari in yi bayani, don duk labarina a kansa ya rataya. In ka buɗe bayan rediyo za ka ga allo mai ruwan ƙasa, a cikinsa an dasa ƙananan kaya, a bayansa kuma zanen jan ƙarfe siriri kamar hanyar tururuwa. Wayoyin da ke zuwa daga gidan batir da lasifika a jikin wannan zanen ake like su. To batir yakan yi ruwa ya ci wajen, ko rediyo ya faɗi waya ta fizge, ko wani gwanin banza ya ɗora ƙarfe mai zafi ya ƙone zanen. In haka ta faru babu inda dalma za ta kama. Maganin shi ne fil, ɗan guntun tagulla da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, mai kafaɗa a tsakiya. Za ka zura ƙafarsa a ramin allo har kafaɗar ta zauna, ka juya allon ka buɗe bakin ƙafar da tsinin ƙusa don ya riƙe, ka haɗa shi da lafiyayyen zane da dalma, sannan ka naɗe wayar a kansa ka like. In ka buga da ƙarfi allo ya tsage, in ka yi sako-sako fil ya riƙa rawa. A lokacin ba a samun sabo a kanti, sai dai a ciro daga matattun rediyo.

Wata biyu ina zaune a gaban kurfoti ina wannan cirar. In narkar da dalma, in matse ƙafar da filaya, in zaro, in goge da toka, in jefa a gwangwanin madara. Rabi sukan karye. Duk wanda ya karye kuwa Masta sai ya sa na ɗaga shi sama na nuna wa masu wucewa, yana cewa ga aikin Hadeja, ɗan masu faci. Na sha cije leɓe. Ina da zuciya, ƙannena sun sani, amma na ce wanda ya zo nema ba ya zuwa da fushi.

A wata na uku ya gaji da ƙona yatsunsa ya ce in gwada dasawa. Ranar na fito da ƙarfen Baba. Hannun da ya shekara ashirin yana bin bakin gwangwani da dalma ba zai ji tsoron fil ba, digo ɗaya na yi ya zauna sumul yana ƙyalli. Masta ya duba ya duba, ya ce ba laifi. Daga nan tsarin aiki ya zauna. In an kawo rediyo ni zan buɗe, in nemo duk inda waya ta saki ko zane ya ci, in dasa fil, in like, in miƙa masa. Shi kuma ya shige bayan labule. Sai in ji ƙarar aljihun tebur, sai shiru na kamar cin goro guda, sai kuma rediyo ya kama magana. Ya fito yana share goshi, ya ce wa mai shi ciwon ya yi nisa, Allah ya sa an kawo da wuri. Wanda bai yi magana ba kuwa sai ya fito yana girgiza kai ya ce ya mutu, ya saye shi a wulaƙance, a ɗora a kan tulina. Ni kuwa ina benci ina kallon labulen nan kamar mayunwaci a ƙofar gidan biki.

Da damina ta kankama fil ya ƙare mana. Masta ya tura ni nema. Na taka unguwar Dichemso da ƙafa, na bi masu gyara ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce babu, wani ya kore ni da Tonanci, wani ya sayar mini da ƙulli a takarda, da na buɗe a hanya na tarar guntayen ƙusar takalmi ne. Masta ya ce abincin ranar kwana uku ya tafi a kan wannan wautar. A rana ta huɗu yunwa da haushi suka kai ni Magazin ta Suame, inda ake gyaran motoci. Ban taɓa ganin ƙarfe mai yawa haka ba, ƙasar wurin ma baƙa ce don bakin mai, ga ƙarar guduma ta ko'ina. Ina tafe ina duban ƙasa sai na ga guntayen sandar tagulla da masu likin lagireto suke yarwa. Kaurinsu daidai da fil.

Ina tsugune ina tsinta wani tsoho ya dafa ni. Batone ne, ɗan ƙasar, ana ce masa Opanin Kwadwo, yana da injin sassaƙa ƙarfe a wata rumfa. Na ɗauka duka zan sha. Sai ya tambaye ni da gurguwar Hausarsa me zan yi da shara. Na nuna masa fil guda da ya rage mini, ya juya shi a tafin hannu, ya aika aka sayo mini burodi da shayi, ya ce in ci tukuna, mai yunwa ba ya auna abu daidai. Shi ne mutum na farko a garin nan da ya tambayi sunana.

Kwana uku muna fama ni da shi. Ya sassaƙa mini ƙarfe biyu masu hawa kan juna, kowanne da rami, da ɗan faɗi a inda suka haɗu. In ka yanka tagulla ka zura, ka buga da guduma sau ɗaya, sai kafaɗa ta fito. Na farko duk tsagewa suka yi. Sai na tuna yadda Baba yake yi wa jan ƙarfe in ya yi taurin kai, a gasa shi ya yi ja a tsoma a ruwa. Da muka yi haka tagullar ta yi laushi, fil ya fito kamar daga kanti. Opanin ya yi ta dariya yana buga cinya. Muka sa wa abin suna uwar fil, bai kuma karɓi ko sisi a hannuna ba.

Masta bai ce sannu ba. Ya sa na ƙulla su goma-goma a farar takarda, ya riƙa sayar wa masu gyara yana cewa daga Ingila wani abokinsa yake aiko masa. Mutanen da suka kore ni a Dichemso su ne suka dawo suna layi a ƙofarmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban damu ba, ni labule nake hange.

Wata rana na je tsintar tagulla, Opanin ya sa na ba shi labarin yadda muke aiki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Saale, kai ka bude, kai ka gani, kai ka like. To shi Masta, me ya yi?"

Na ce shi ke aunawa da mita, shi ke tada rediyon.

"Hmm. Wa ke koya ma wa?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi da bai san komai ba sai ƙarfen mota, ina ruwansa da aikin ilmi. Bai yi fushi ba, ya ƙara mini guntayen tagulla a aljihu. Cikin duk maganganun da na yi a ƙasar nan, wannan ce nake jin kunyarta har yanzu.

A wata na bakwai fatake suka kawo mini takardar yayana Garba da ajami. Baba ya kwanta, ƙafafunsa sun kumbura, yana yawan tambayata. Na kai wa Masta maganar, na roƙe shi wata guda in je in dawo. Yana cin goro, bai ko ɗago ba.

"Ƙofa a buɗe yake. Amma wanda ya fita, shekara ya koma farko. Kuma in ka je me za ka ce ma tsohonka ka koyo? Cire fil?"

Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana ni tafiya. Na tuna yadda na fito gida ina cika baki, na tuna abokan wasana da za su ce Sale ya je Kumasi ya koyo tsintar ƙusa. Na rubuta wa Garba cewa a yi haƙuri, da babbar salla zan zo da sana'a a hannu. Na zaɓi fil biyar mafi kyau na ƙulla a cikin takardar don Baba ya ga ban zauna banza ba.

Takarda ta biyu ta zo a watan Sha'aban. Baba ya rasu ranar wata Laraba, an kai shi bayan azahar. Garba ba mai yawan magana ba ne, amma ya ƙara layi biyu a ƙasa. Ya ce da aka ba Baba fil ɗin nan ya daɗe yana juya su a yatsa, ya gwada ɗaya da haƙori, sannan ya ce, "Hannun yaron nan ai ya riga ya faɗa. Me kuma yake jira?" Na karanta a bakin kurfoti. Masta ya ce Allah ya jiƙan shi, ya ba ni hutun rabin yini, ya ce akwai rediyo uku da za a zo karɓa da la'asar.

Cikin azumi doka ta fito cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Wa ke da takarda a Zango? Mu da muka shigo a kan buhun albasa, da waɗanda kakanninsu suka zo da jakuna, duk ɗaya muka zama. Na ga tela ya sayar da kekensa a kuɗin buhun gari. Na ga maƙwabta suna tsaye a ƙofar ɗakin mutum suna gardamar wanda zai shiga, shi kuwa yana ciki yana ɗaure kaya. Yaran da jiya suke gaishe ka yau suna binka suna tambayar yaushe za ka tafi. Akwai wata tsohuwa mai koko a layinmu da aka haifa a nan, ta zauna a kan ƙullinta tana tambayar mutane wai ta wace hanya ake zuwa Sakkwato. Masta bai girgiza ba, uwarsa 'yar ƙasa ce, takardunsa a cike suke.

Opanin ya tako har Zango ya same ni. Ya ce yana da gonar koko a ƙauyensu, in je in zauna da ƙaninsa har ƙura ta lafa, in ba haka ba in bi mutanena tun ana tafiya da mutunci. Na gode masa na ƙi. Wata biyu da 'yan kwanaki suka rage mini. Na riga na ba da ubana a kan labulen nan, ba zan bar shi saboda 'yan sanda ba. Tsohon ya sa mini burodi a cinya ya tafi. Ban sake ganinsa ba.

Masta ya ce kada in damu, ya san wani a ofis, zai samo mini takarda a kan cewa shagonsa ba ya yi sai da ni. Kafin nan zai ɓoye ni. Ya kai ni wani sito da yake haya a unguwar Krofrom, ɗaki ne marar taga sai 'yar kafa a sama, ya kawo kurfoti da uwar fil da buhun guntayen tagulla. Ya ce mutumin ofis yana son ya ga shaidar aiki, saboda haka in cika gwangwanaye. Yana fita yake sa kwaɗo ta waje. Da yamma ya kawo abin buɗa-baki, wata rana kuma ya manta. A ɗakin nan na yi ƙaramar salla, ina jin kabbarar masu tafiya idi ta 'yar kafar, guduma a hannuna. Babban yatsana ya fashe ya warke ya sake fashewa. Kullum na tambayi takarda sai ya ce gobe, mutumin ya tafi jana'iza.

Da na cika gwangwani na bakwai sai ya zo da wani sabon hali. Ya jawo akwati ya zauna kusa da ni, ya tambayi tsawon da nake yankawa, da irin jan da tagulla za ta yi kafin a tsoma ta, da inda guduma za ta sauka. Tun da na zo bai taɓa tambayata komai ba sai ina canji. Daɗi ya kama ni, na ce yau Masta ya san darajata. Na koya masa duka, har na riƙe masa hannu. Ya ɓata ashirin, sannan ya fitar da goma masu kyau a jere. Ya ce, "Ashe ba wuya paa."

Kwana biyu bayan haka, da safe, aka buɗe kwaɗon. 'Yan sanda biyu ne, Masta yana bayansu da mabuɗi a hannu. Ban yi gardama ba. Da suka fito da ni na ce a bar ni in ɗauki ƙarfen likena, na ubana ne.

"Wane ƙarfe?" in ji Masta. "Duk abin da ke nan kayan shagona ne."

Ya faɗa musu wata magana da Tonanci suka yi dariya. Na yi kukan kura zan shaƙe shi, kulki ya same ni a gwiwa, na faɗi. Ina ƙasa na ce masa saura wata guda, ya ji tsoron Allah, ko sau ɗaya ya nuna mini aikin mitar. Ya gyara biron aljihunsa ya ce shi bai kore ni ba, gwamnati ce.

Daga nan sai hanya. Kwana biyu a wani fili da aka kewaye da waya, sannan aka loda mu a babbar mota a tsaye kamar shanu zuwa Ankara, babban birnin ƙasar, daga can zuwa Aflawo, bakin iyaka. A nan tafiya ta tsaya, don an rufe ƙofa ta ɗaya ɓangaren. Mutane ne zube a kan yashi iya ganinka, ga teku a gefe. Ranar na fara ganin teku, ban kuwa ji komai ba, ruwa ne da ba ya shayuwa. Na sha kuwa ana sayar da shi a kofi. Wata mata ta haihu a ƙarƙashin mota, wani tsoho ya cika a kusa da ni muka tona yashi da kwano muka rufe shi. Kowa tambayarsa ɗaya, yaushe za a buɗe, ba kuwa mai amsa.

A zugarmu akwai wani dillalin shanu Bazabarme, Alhaji Hamma, dogo mai faɗa. Yana da babban rediyo mai rigar fata, amma ya faɗo daga mota a wajen turmutsitsi ya yi shiru. Kwana uku yana jijjiga shi yana zaginsa. Wani da ya san ni a Zango ya ce ai ga yaron Masta Inusa. Kafin in ce wani abu an ɗora mini shi a cinya, mutane sun kewaye ni.

Na kwance shi da bakin wuƙa. Wayoyi biyu na gidan batir sun fizge har da zanen. Na laluba aljihun wandona, a cikin ɗinkin na sami fil shida da suka maƙale tun Krofrom. Babu ƙarfe, babu dalma, amma ni ɗan masu like ne. Na zaro babbar ƙusa daga jikin wani akwati na sa a wutar ɓawon kwakwa, na narko dalma daga bakin gwangwanin madara, wata mata ta ba ni ɗan ƙaro daga cikin turarenta don dalma ta kama. Na dasa fil biyu a kan dutse, na naɗe wayoyin na like. Sannan na mayar da murfi na miƙa masa, na ce nawa aikin ya ƙare, saura a sami mai mita ya auna.

Alhaji ya ce, "Mita kuma? A nan? Sa batir mu ji."

Na ce ba zan sa ba, na yi rantsuwa, kuma in aka sa ba a auna ba ƙonewa zai yi.

"Kai ka rantse, ni ban rantse ba. Nawa ne, in ya ƙone ya ƙone."

Ya zaro batir huɗu daga aljihun babbar rigarsa ya cusa. Na kau da kai ina jiran warin hayaƙi. Sai na ji 'yar shashshaka, sai murya, tas, kamar mutumin yana zaune a tsakaninmu. Wani mai jin Turanci ya kasa kunne, ya ɗaga hannu ya ce ana faɗin yaƙin ƙasarmu ya ƙare. Wuri ya ɗauki kabbara, mata suna guɗa, mutanen da ba su san juna ba suna rungumar juna. Alhaji ya ɗaga ni sama ya dire, yana cewa wallahi yaron nan injiniya ne.

Ni kuwa na koma na zauna a kan yashi. Kunnena ba ya jin rediyon, ƙarar aljihun teburin Masta yake ji. Ashe batura ne a ciki, su kaɗai yake sakawa. Shirun nan na cin goro guda, goron yake ci. Tulin matattun rediyon da na wuni ina fasawa, su ne waɗanda fil bai warkar ba, iyakar saninsa ke nan, iyakar nawa. Daga baya a Kano na ga masu aiki da mita na gaskiya, ilmi ne babba, amma Masta Inusa ko ƙofarsa bai taka ba. Duk rediyon da ya yi magana a shagon nan tun daga wata na uku, a kan bencina ya warke. Na lissafa da yatsu ina kallon teku. Wata na uku. Baba bai kwanta ba sai a na bakwai.

Alhaji ya kawo mini burodi da kifin gwangwani ladan aikina. Yunwar kwana biyu ce a cikina, amma na ajiye su gefe. Kuka na yi, irin wanda ban yi ba ranar da takardar Garba ta zo, mutane suna ta bubbuga bayana suna cewa ai dole, kowa ya ji daɗin ƙarewar yaƙi.

Na isa Haɗeja ana saura kwana tara babbar salla, kamar yadda na yi alkawari, da riga ɗaya da ɗingishi. Ɗana ya ɓuya a bayan uwarsa. Garba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya raka ni maƙabarta ya nuna mini wurin, sannan ya zaro wani ɗan tsumma daga aljihu ya ba ni, ya ce a ƙarƙashin matashin Baba aka samu. Fil biyar ne, ɗaya da shaidar haƙori. Garba ya koma gefe ya ba ni wuri. Na yi addu'ar da zan iya, na daɗe a tsugune, don na san akwai tambayar da aka bar mini, kuma yanzu ina da amsarta. Na ce, "Batir huɗu, Baba. Su nake jira."